Wane Tsuguno Za Ka Riƙe? Jagora ga Mai Ɗaga Ƙarfe

Duk wanda ya ɗan daɗe yana zuwa gidan ɗaga ƙarfe ya san gardamar da ba ta ƙarewa a kan tsuguno da sandar ƙarfe, wanda 'yan jim ke kira sikwat. Wannan ya ce a ɗora sandar a saman kafaɗa a sauka har ƙasa. Wancan ya ce a'a, a sauke ta zuwa allon kafaɗa a tura ɗuwawu baya. Na uku ya ce duk wasa kuke yi, na ɗora sanda a gaba shi ne na maza. Sabon shiga yana gefe yana saurare, yau ya gwada na wannan, jibi ya gwada na wancan, a wayi gari wata shida sun wuce bai ƙara kilo goma a kan abin da ya fara da shi ba.

Kowannensu yana da hujja, sai dai hujjar ta jikinsa ce da burinsa. Da abubuwa uku ake zaɓen tsuguno: abin da kake nema, yadda Allah ya gina jikinka, da kayan aikin da ke gabanka. Idan ka zaɓa, sai ka riƙe guda ɗaya a matsayin babba tsawon watanni, ka haɗa masa da wani guda ɗaya da zai toshe inda kake da rauni. Abin da ya wuce haka yawanci ɓata lokaci ne.

Ƙa'idar da ta haɗa su duka

Ka tsaya a gefen gwani lokacin da yake tsuguno da nauyi mai yawa, ka zuba wa bakin sandar ido. Za ka ga tana sauka tana hawa a kan layi kusan miƙaƙƙe, kuma layin yana faɗawa daidai tsakiyar ƙafarsa, wajen da ake ɗaure igiyar takalmi. Da ta gota gaba, diddigensa zai ɗaga, nauyin ya rinjaye shi. Da ta gota baya, sai ya faɗi zaune. Saboda haka jiki ne yake tsara kansa don sandar ta zauna a kan wannan layin, kuma inda ka ɗora ta shi ke yanke yadda jikin zai tsaya.

Ɗan dako ya san wannan ba tare da an koya masa ba. In ya saɓa buhu a baya, dole ya sunkuya. In ya rungume shi a ƙirji, dole ya miƙe. Haka abin yake a nan. Sanda a gaban kafaɗa tana sa gangar jiki ta miƙe, gwiwa ta yi gaba sosai, gaban cinya ya sha aiki. Sanda a can ƙasan kafaɗa ta baya tana sa mutum ya sunkuya, kwatangwalo ya ja baya, aikin ya ƙara komawa ɗuwawu da cikin cinya da ƙasan baya. Sanda a saman kafaɗa tana tsakiyar waɗannan biyun. Bambancin na ƙari da ragi ne, domin babu tsugunon da ke barin cinya ko ɗuwawu suna hutawa.

Tsawon gaɓoɓi ma yana da ta cewa. Mai dogayen cinyoyi da gajeriyar gangar jiki sai ya sunkuya fiye da kowa, ko a ina ya ɗora sandar, kuma wannan ba kuskure ba ne. Mai gajerun cinyoyi kuwa yana sauka a miƙe ba tare da wahala ba. Kada ka auna kamannin tsugunonka da na wanda ƙirarku ba ɗaya ba.

Gwaji kafin a ɗora ƙarfe

Ka cire takalmi, ka fuskanci bango, ka ajiye babban yatsan ƙafarka kamar santimita 10 daga gindinsa. Sai ka tura gwiwa gaba har ta taɓa bangon. Idan ta taɓa ba tare da diddige ya ɗaga ba, idon sawunka yana da sassaucin da tsuguno a miƙe yake buƙata. Idan ba ta kai ba, ko dai ka nemi takalmi mai tudun diddige, ko ka karkata ga tsugunon da ba ya neman gwiwa ta yi gaba da yawa. Sannan ka ɗauki sandar tsintsiya ko gora, ka ɗora ta a bayan kafaɗa, ka riƙe da hannu biyu. Idan kafaɗarka tana zogi ko ba ka iya riƙewa sai ka ware hannuwa har ƙarshe, ka san cewa ɗora ƙarfe a ƙasan kafaɗa zai ba ka wahala.

Da yawa daga cikinmu sun tashi suna tsugunawa wajen alwala da cin abinci da aikin gona, don haka idon sawu da kwatangwalo ba sa ba mu matsala kamar waɗanda suka girma a kan kujera. Amma tsugunon hutu daban yake da tsugunon nauyi. A na hutu mutum yana sakin jiki, bayansa ya yi doro, ya zauna a kan diddige. A na nauyi babu sakin jiki ko kaɗan, daga ɗaukar sanda har mayar da ita. Wanda ya saba da na farko yakan faɗa ƙasa da sauri ya saki ciki, kuma wannan ne abu na farko da zai gyara.

Ka kuma san nauyin abin da kake ɗagawa. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2. Ta mata kilo 15 ce, kuma ta fi siranta don hannu ya kama ta da kyau. Faya-fayan gasa suna da launi: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. A gidajen ƙarfe da yawa sandunan ba su kai wannan nauyin ba, don haka ka tambaya ko ka auna.

Sanda a saman kafaɗa

Wannan shi ne wanda ya fi dacewa da mafi yawan mutane, kuma wanda bai san inda zai fara ba, ya fara da shi. Ka daidaita maɗori, wato ƙarafan nan masu ƙugiya da ake ajiye sandar a kai, ya zo daidai tsakiyar ƙirjinka. Ka riƙe sandar, tazarar hannuwanka ta ɗan wuce faɗin kafaɗa. Ka shiga ƙarƙashinta ka matse allunan kafaɗarka su kusanci juna. Za ka ji naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya taso, to a kan wannan naman sandar za ta kwanta. Idan ka ji tana danna ƙashin nan da ya turo a gindin wuya, ta yi sama da yawa, sauke ta kaɗan.

Ka ja numfashi, ka miƙe da ita, ka ja da baya taku biyu ko uku kawai. Ƙafafu su yi faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje. Ka sake cika ciki da iska, ka ƙanƙame shi kamar mai jiran naushi, sannan ka lanƙwasa gwiwa da kwatangwalo a tare, ka sauka tsakanin cinyoyinka. Gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka kalla. Wajen tashi, ka danna ƙasa da dukkan tafin ƙafa, ƙirji da ɗuwawu su taso lokaci guda.

Masu ɗaga nauyi irin na gasar Olamfik da wannan suke gina ƙafa, domin wasansu yana buƙatar su faɗa ƙarƙashin ƙarfe su tare shi jikinsu a miƙe. A wannan wasan ne Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Najeriya lambar azurfa a birnin Sidni a shekarar 2000, a ajin kilo 75. Masu gina tsoka ma shi suka fi so, saboda yana kai gwiwa ga cikakkiyar lanƙwasa. Abin da yake nema a wurinka shi ne idon sawu mai sassauci da gwiwa mai lafiya. Nauyin da za ka iya ɗauka da shi yakan ɗan gaza wanda za ka ɗauka idan sandar tana ƙasan kafaɗa.

Sanda a ƙasan kafaɗa

A nan sandar tana sauka kamar santimita 5 zuwa 7. Ka shafa allon kafaɗarka za ka ji wani ƙashi a kwance, to a ƙarƙashinsa kaɗan sandar ke zama, a kan tsokar bayan kafaɗa. Ƙafafu sukan ɗan fi buɗewa, ƙirji yana kallon ƙasa fiye da na farko, kuma mutum yana fara sauka ne da tura kwatangwalo baya. Da yake sandar ta matso kusa da kwatangwalo, kuma manyan tsokokin baya sun ƙara shiga aikin, yawancin mutane sun fi ɗaukar nauyi ta wannan hanyar. Shi ya sa ta yi rinjaye a gasar fawaliftin, inda ake haɗa tsuguno da tura ƙarfe daga ƙirji a kwance da ciro ƙarfe daga ƙasa, a ga wanda jimillarsa ta fi yawa. Wani mai horarwa a jihar Tekzas ta Amurka, Mark Rippetoe, ya ƙara yaɗa ta tsakanin sababbin shiga da littafinsa na shekarar 2005.

Kuɗin da ake biya a nan kafaɗa ce da gwiwar hannu. Ka lura da wanda bai iya ba: wuyan hannunsa ya lanƙwashe baya, tafinsa yana ƙarƙashin sandar, gwiwar hannunsa ta kalli ƙasa tana rawa. Hannunsa ne ke ɗauke da wani kaso na nauyin da baya ya kamata ya ɗauka. Bayan makonni kaɗan sai ya fara kukan ciwon gwiwar hannu, ya ɗora wa wani atisayen laifi. Aikin hannu shi ne ya danne sandar a jikin baya don kada ta zame. Ka miƙar da wuyan hannu, ka ƙara tazarar riƙo in kafaɗa ta matsu, kuma kana iya ɗora babban yatsa a saman sandar tare da sauran yatsun.

A ƙasa mai zafi akwai ƙarin abin lura. Sandar tana dogara ne da kama jiki, gumi kuwa yana sa ta santsi. Kada ka yi wannan tsugunon ba riga, kada kuma ka sa rigar ƙwallo mai sulɓi. Rigar auduga ta fi, in da alli a shafa a bayanta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗuwawu ya riga ƙirji tashi, mutum ya ƙare a ranƙwafe yana ɗago ƙarfen da ƙugu. Wanda yake ciro ƙarfe mai nauyi daga ƙasa a cikin mako ɗaya ya kula, domin duka biyun ƙasan baya suke gajiyarwa.

Sanda a gaba

Sandar tana kwanciya a kan gaban kafaɗa, ta matso har ta ɗan taɓa maƙogwaro. Yatsu biyu ko uku ne kawai ke ƙarƙashinta, gwiwar hannu kuma a ɗage tana kallon gaba. Kafaɗa ce ke ɗauke da nauyin. Don ka tabbatar, ka ɗora sandar da babu faifai, ka miƙa hannuwanka gaba ka sake ta. In ta zauna, wurinta ke nan. Wanda wuyan hannunsa ya ƙi lanƙwasa yana iya gicciye hannuwa a kan sandar, ko ya ɗaura mata igiyoyin riƙo biyu ya kama su.

Wannan tsugunon ba ya yarda da ha'inci. Da ka sunkuya, sandar za ta gangara ta faɗi. Saboda haka yana tilasta maka miƙewa, yana ƙarfafa saman baya da ciki, yana kuma ba gaban cinya aiki sosai da nauyin da bai kai na baya ba. Masu horarwa kan ƙiyasta shi a wajen kashi 80 cikin 100 na abin da mutum ke yi da sanda a baya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Fulorida aka wallafa a 2009 ya gano cewa tsokoki suna aiki kusan daidai a nau'o'in biyu, amma matsin da ke sauka a kan gaɓar gwiwa ya fi sauƙi a na gaba.

Iyakarsa ita ce saman baya yana riga ƙafa gajiya. In ka wuce tashi biyar ko shida, gwiwar hannu za ta fara faɗuwa, numfashi ya yi wuya. Don haka a yi shi da tashi kaɗan da turmi, wato zagaye, da yawa. Ya dace da ɗan kokawa da ke son ƙarfin riƙe abokin karawa a gabansa, da wanda ƙasan bayansa ba ya son sunkuyo, da wanda yake atisaye shi kaɗai, domin in nauyi ya fi ƙarfinsa sai kawai ya saki sandar gaba ya ja da baya.

Masu taimako

Waɗannan ba kasafai suke zama babban tsuguno ba. Kowannensu maganin wata matsala ce.

Tsuguno da dakatawa: ka sauka, ka tsaya sakan biyu ko uku a ƙasa ba tare da sakin ciki ba, sannan ka tashi. Ka rage nauyi da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Shi ne maganin mai faɗawa ƙasa yana neman cinya ta cilla shi sama, kuma ba ya buƙatar wani kayan aiki.

Tsuguno a kan akwati: ana ajiye akwati ko benci a baya, a zauna a kai a hankali, a tashi. Louie Simmons na gidan ƙarfen Westside Barbell da ke Kolombus a jihar Ohayo ne ya yi suna da shi. Yana koya wa mutum tura kwatangwalo baya, yana kuma sa zurfin ya zama ɗaya a kowane tashi. Haɗarinsa shi ne faɗawa kan akwatin da ƙarfi, domin a lokacin ƙashin baya yana tsakanin ƙarfe da katako. Kada a yi shi a kan kujerar roba ko kiret ɗin lemo.

Tashi daga sandunan tsaro: ana ajiye ƙarfen a kan sandunan tsaro na cikin keji, wato firam ɗin ƙarfe da ake tsuguno a cikinsa, daidai inda mutum yake maƙalewa, ya shiga ƙarƙashi ya tashi da shi daga inda yake ajiye. Ana jingina shi ga Paul Anderson, Ba'amurken da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Melbon a 1956. Sai da keji mai ƙwari ake yin sa.

Tsugunon Zercher: sandar tana zama a lanƙwasar gwiwar hannu, a rungume ta a jikin ciki. Sunan na Ed Zercher ne, wani ƙaƙƙarfa da ya yi zamani a birnin San Luwis na Amurka a shekarun 1930. Amfaninsa babba ne ga wanda ba shi da maɗori. Ka ciro ƙarfen daga ƙasa, ka tsuguna ka ɗora shi a kan cinya, ka zura hannuwa ƙarƙashinsa, ka miƙe. Yana cin fatar hannu, don haka a naɗa wa sandar tawul.

Sanda mai mariƙa: wata sanda ce mai katifa a wuya da mariƙa biyu a gaba. Hannu ba ya komawa baya, shi ya sa ta zama mafita ga mai ciwon kafaɗa. Ba kowane gidan ƙarfe ke da ita ba, kuma nauyinta yakan bambanta da na sandar da aka saba.

Tsuguno da ƙafa ɗaya: ƙafa ɗaya a gaba, ɗayar a ɗore a kan benci a baya. Nauyi kaɗan yana isar cinya, ƙashin baya ya huta, kuma nan da nan yake tona asirin ƙafar da ta fi rauni.

Zurfi da maganar gwiwa

Har yanzu za ka ji ana cewa tsuguno mai zurfi yana lalata gwiwa, kuma kada gwiwa ta wuce yatsun ƙafa. Maganar farko ta samo asali ne daga binciken da Karl Klein na Jami'ar Tekzas ya wallafa a 1961, inda ya ce zurfafawa tana sassauta jijiyoyin gwiwa. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da hakan ga masu lafiyar gwiwa ba. Ta biyun kuma an gwada ta a Jami'ar Memfis a 2003. An sa allo a gaban masu tsuguno don hana gwiwa yin gaba. Nauyin da ke kan gwiwa ya ragu da kusan kashi 22 cikin 100, amma wanda ke kan kwatangwalo ya ninka kusan sau goma, kuma sun ƙara sunkuyawa. Wato nauyin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Ka bar gwiwa ta je inda tsugunon ke buƙata, muddin diddige yana ƙasa kuma gwiwar ba ta faɗowa ciki.

A dokar hukumar fawaliftin ta duniya, IPF, wadda aka kafa a 1972, sai saman cinya ta wajen kwatangwalo ya sauka ƙasa da saman gwiwa kafin alƙalai su karɓa. Da irin wannan zurfin ɗan fawaliftin Ray Williams ya tashi da kilo 490 a shekarar 2019. Ko ba ka gasa, wannan ma'auni ne mai kyau. Wanda zai iya wuce nan ya wuce, amma ya tsaya a inda ƙasan bayansa ya fara naɗewa ciki. Ka sa wani ya ɗauke ka da waya daga gefe, daidai tsayin gwiwa, domin abin da mutum ke ji da abin da yake yi ba kullum suke haɗuwa ba.

To, wanne ne naka?

Sabon shiga ya yi mako biyu ko uku yana tsuguno da faifai ɗaya rungume a ƙirji, sannan ya koma sanda a saman kafaɗa. Ba ya buƙatar tsuguno mai taimako tukuna.

Mai niyyar gasar fawaliftin ya gwada ƙasan kafaɗa na wata biyu. In kafaɗarsa ta jure kuma nauyi ya ƙaru, ya riƙe shi, ya haɗa da na dakatawa ko na gaba.

Mai son cinya ta cika ya riƙe saman kafaɗa da zurfi mai kyau, ya haɗa da na ƙafa ɗaya.

Ɗan ƙwallo da ɗan dambe da ɗan kokawa su tuna cewa ƙarfe hidima yake yi wa wasansu. Na gaba ko na saman kafaɗa ya ishe su, kuma kada su yi shi har ƙafa ta mutu ana gobe wasa.

Dogon mutum mai dogayen cinyoyi yakan fi samun sauƙi da ƙasan kafaɗa da ƙafafu a ɗan buɗe. In saman kafaɗa yake so, takalmi mai tudun diddige na kusan santimita 2 zai taimake shi.

Mai atisaye a unguwa da ƙarfen siminti ko tsofaffin giyoyin mota yana da matsaloli biyu: babu maɗori, kuma ba a iya ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Da yawa sukan cilla ƙarfen sama da kai su sauke shi a wuya. Ɗorawar ba ita ce wahala ba, saukewar ce, bayan ƙafa da kafaɗa sun gaji. Ya fi aminci ya riƙe na Zercher ko na gaba, ya nemi ci gaba ta hanyar ƙara yawan tashi, da dakatawa a ƙasa, da ƙafa ɗaya. Ya kuma auna curin simintin biyu a sikeli kafin a kafe su a jikin bututu, domin sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

Tsarin mako

Sabon shiga ya yi tsuguno sau biyu ko uku a mako, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani. Turmi uku, kowane turmi tashi biyar, da hutun minti uku tsakanin turmi da turmi. Duk ranar da ya kammala su da kyau, ya ƙara kilo 2.5 a zuwa na gaba. Wannan kaɗai yakan ɗauki mutum watanni yana gaba.

Idan ƙarin ya tsaya, sai a raba makon. Litinin babban tsuguno, turmi huɗu na tashi biyar, da nauyin da za ka ajiye kana jin da sauran tashi biyu a jikinka. Alhamis mataimaki, turmi uku, da nauyi mai sauƙi. Ka bar mataimakin ya yi mako shida zuwa takwas kafin ka yanke masa hukunci. Wajen zaɓensa, ka dubi inda kake faɗuwa. Mai maƙalewa a can ƙasa ya ɗauki na dakatawa. Wanda ƙirjinsa ke faɗuwa gaba ya ɗauki na gaba. Wanda ke karkacewa gefe ɗaya ya ɗauki na ƙafa ɗaya.

Kada ka faɗa wa nauyin aiki kai tsaye. In kilo 80 za ka yi, ka fara da sanda zalla sau goma, sai 40 sau biyar, 60 sau uku, 70 sau biyu. Ka riƙa rubuta abin da ka yi a ƙaramin littafi ko a waya. Lokacin azumi a mayar da atisayen bayan shan ruwa ko bayan asham, a rage yawan turmi, a yi ƙoƙarin riƙe nauyin da ake kai ba tare da neman ƙari ba.

Tsaro

In akwai keji, ka sa sandunan tsaro ƙasa kaɗan da inda ƙarfen ke kaiwa idan ka sauka, ka kuma gwada ajiye sanda zalla a kansu tun kafin ranar da za ka buƙaci hakan. In babu keji, a samu mutum biyu, ɗaya a kowane baki, su yarda a kan kalmar da za ta sa su ɗaga tare. Mutum ɗaya a baki ɗaya ya fi babu kowa haɗari. A kulle faya-fayai da maƙulli. A fuskanci maɗori wajen ɗauka, don a mayar da sandar ana ganin ƙugiyoyin.

Silifas da takalmin gudu mai laushi ba sa ba ƙafa wurin dannawa. Takalmi mai tauri da shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi, ko mai tudun diddige na ɗaga nauyi. Bel kuwa abin da ciki zai tokara ne, ba ya gyara tsuguno marar kyau, kuma ba a buƙatarsa sai nauyi ya yi nauyi. Riƙe numfashi a ƙarƙashin ƙarfe yana ƙara hawan jini na ɗan lokaci, don haka mai hawan jini ko ciwon zuciya ko gwaiwa, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su ga likita kafin su fara.

Tsamin cinya da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ba abin damuwa ba ne. Suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko ciwon da ke gangarowa daga ƙugu zuwa ƙafa, waɗannan alamu ne na a dakata a duba.

Dalilai uku ne kaɗai suka isa su sa ka sauya babban tsugunonka: ciwon gaɓa da ya ƙi tafiya bayan ka gyara tsayuwa ka rage nauyi, ko burinka ya canza, ko kayan aikinka sun canza. Tsayawar ƙari na mako biyu ba ya cikinsu. In hakan ta faru, ka fara duba barcinka da abincinka, ka rage kashi 10 cikin 100 na nauyin, ka sake hawa da kilo 2.5 a kowane zuwa.